Fangalin Dije

Sati uku ke nan ba a ga ɗigon ruwan sama a Germantown, nan kusa da Washington, ba. Zafin Yuli na garin nan ba irin namu ba ne, shi jiƙaƙƙe ne, kina fita daga gida kaya za su manne miki a jiki kafin ki kai mota. A labarai kullum kuka suke, wai ana fari. Ni kuwa duk safiya in na leƙa ta taga sai in ga famfunan nan da aka binne cikin ciyawar unguwa sun tashi suna feshi, rabi a kan ciyawar da ko akuya ba a ba wa, rabi a kan kwalta, ruwan yana gangarawa kwata. Shi ke nan farin nasu.

Shekaranjiya autata Nabila ta shigo da tukwanen roba huɗu, dashen tumatir da na tattasai. Makarantar da nake taimaka wa malamai a cikinta tana dogon hutu, yarinyar ta ga ina zaune ba abin yi. Tana jin Hausa sarai, amma da Turanci take amsa mini, sai in tana son lallashina take karya harshe.

"Mama, ki shuka mana. Za ki ji daɗi. Ba ke kika zo ta ɗaya a agirik ba?"

Na ce ta kwashe su ta mayar wa wanda ya aiko ta. Ta tsaya riƙe da tukunya tana kallona. Babanta daga falo ya ce, "Ƙyale ta, Nabila. Tun da na san uwarki ba ta shiri da shuka." Shekara talatin muna tare bai taɓa tambayata dalili ba, ni ma ban taɓa faɗa ba. To yanzu zan faɗa, abin ya ishe ni.

Kwalejin horon malamai mata na yi, ta kwana, can bayan gari inda motar haya take juyawa. Shekara biyar ake yi. A ƙarshe a ba ki takardar Gired Tu, wadda a zamanin ita ce komai: da ita za ki koyar, da ita za ki ci gaba, in babu ita kuwa shekara biyar ɗinki ta tafi a cin gabza da miyar kuka tsululu. Duk wadda aka kora kafin jarrabawar ƙarshe ba ta da inda za ta kai ƙara. Haka dokar take, kuma mun ga an yi.

A aji biyar kowace ɗaliba ana yankar mata fangali a lambun makaranta, taku goma a tsawo, uku a faɗi. A kafa turke a gabansa da lambarki. Ki shuka alayyafo da kuɓewa, ki yi ban ruwa, ki yi cira, sannan wani jami'i ya zo daga ma'aikatar ilimi ya bi turke-turke yana ba da maki, makin kuma yana shiga sakamakon ƙarshe. Mu arba'in da biyu ne a shekararmu. Lambata ashirin da uku. Lambar Dije goma sha bakwai.

Dije ita ce ke kwana a gadon ƙasa, ni a na sama, tun muna aji ɗaya. 'Yar ƙauye ce daga bakin kogi, ubanta ɗan lambu. Gajeriya, ga faɗin tafin hannu, ba ta da yawan magana, in ta yi dariya sai ta rufe baki da gefen ɗankwali. Ni kuwa 'yar birni, ga baki ga son wanka. Na sha tsokanarta da cewa ko an wanke ta da omo sai ta yi ƙanshin albasa, ita kuma ta ce ni ko kaza ba zan iya kiwo ba. A garinsu firamare ɗaya ce, kuma ba a taɓa samun malama mace ba. Iyaye sun ce ranar da Dije ta dawo da takarda za su saki 'ya'yansu mata. Ta gaya mini sunayen yaran har na haddace wasu.

Shekarar azumi ya faɗo a tsakiyar bazara. Ana saura kwana goma a ga wata injin rijiyar burtsatse ya mutu. Aka ce an rubuta wa ma'aikata. Har muka bar makarantar ana jiran amsa.

Sai aka koma motar ruwa, kwana biyu sau ɗaya, in direban ya ga dama. Rabon kowace ɗaliba rabin bokiti. Rabin bokitin nan shi ne shanki na buɗa-baki da sahur, shi ne alwalarki, shi ne wankanki, shi ne wankin farar rigar makaranta da ake duba wuyanta ranar Litinin, kuma wai a cikinsa za ki rage wa fangali. Tun da asuba ake jera bokitai daga bakin ɗakin cin abinci har gindin darbejiya, kowane da suna da jan fenti. Bokiti shi ne mutum. Ko sarauniyar rashin kunya ba ta isa ta matsar da na wata ba.

Ga yadda yini yake. Ƙararrawar sahur, a ba mu shinkafa da wake da aka dafa tun jiya, wani lokaci har ta fara tsami. Mu yi asuba, mu yi shara, ƙura ta cika maƙogwaro ba halin kurkurewa. Asambuli a tsaye, kullum sai yarinya ɗaya ko biyu ta yanke jiki ta faɗi. Daga nan aji. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya kwanon rufi zai fara ƙara, tas, tas, alli yana narkewa a hannun malami, mu kuma muna kwafar darasin tarbiyyar yara leɓe a tsage. Bayan azahar akwai hutun rana na dole, awa biyu, kowa a kan gadonta. Katifa ba ta kwantuwa, sai mu sauko mu shimfiɗa zani a siminti, simintin ma da ɗumi. Ɗakin yana warin gumi da ƙazantar mata sittin da ba su samu wanka sosai ba. Ƙurajen zafi suka feso mana a wuya da ƙarƙashin mama. Da la'asar hadari yakan haɗu ta gabas, baƙi ƙirin, har iska ta kawo ƙanshin ƙasa, mu fito da bokitai da kwanoni muna kallon sama. Sai ya watse. Da magariba kofin kunu ɗaya da ƙosai biyu. 'Yan uwanmu Kirista, Allah ya saka musu, da yawa sukan tsiyaya mana daga nasu rabon.

Kafin azumi ya kai biyar lambu ya ƙone. Alayyafona ya kwanta, ya yi ja, ya zama kamar zare. Na zuba masa kofi biyu ran nan, ƙasar ta shanye tana ƙara, na ce to Allah ya ji ƙanka, ba zan mutu don ganye ba. Kusan kowa haka ta yi.

Ban da Dije. Ita tun ranar da injin ya mutu ta je kicin ta roƙi wani tsohon tulu mai tsaga, ta binne shi a tsakiyar fangalinta har wuya, ta rufe bakinsa da sakaina. Ta kwaso ɓawon gyaɗa da busasshiyar ciyawa ta lulluɓe ƙasar. Ta kafa sanduna huɗu ta ɗora yagaggen zana. Sannan ta ɗauko daronta na wanki, wani fari mai bakin shuɗi, ta kai bakin masallaci ta ajiye.

"Don Allah in za ku yi alwala ku yi a kan daron nan," ta ce da mu. "Ruwan da zai zube ƙasa ne nake so."

Muka yi mata dariya har da tafi. Aka sa mata Dije mai daro. Amma me za ki rasa? Sai muka saba, kowace salla sai ka ga mata uku huɗu sun tsuguna sun kewaye daro, kowa da 'yar butarta, ana wanke fuska da hannu a kai. Abin da ake tarawa bai taka kara ya karya ba, kuma ruwan ya yi duhu. Ita dai ta ɗauka a ka, ta bi ta bayan ɗakin magani, don nan ce hanyar lambu, ta ɗura a tulun. Na azahar ma ba ta bari ya kwana, kafin a rufe ƙofar hutun rana take rugawa ta dawo. Ikon Allah, fangalin nan ya yi kore shar, shi kaɗai a cikin arba'in da biyu, tun daga bakin waya ake hango shi.

Yanzu sai nawa. A bayan ɗakin maganin akwai duro na ƙarfe, ruwan ajiya, ba a taɓa shi sai an kwantar da mara lafiya. Famfonsa yana ƙasa da kwaɗo, mabuɗin yana ɗaure a haɓar zanin Metiron, dattijuwar da ke kula da lafiyarmu da ɗakunan kwana. Amma a samansa akwai ɗan rami mai murfin murɗawa, inda ake ɗura ruwan.

Ranar takwas ga azumi na samu tsarki daga al'ada, ina bukatar wanka in koma salla. Motar ruwa ba ta zo ba, bokitina ƙaf. Na san akwai taimama, an koya mana, kada wani ya nema mini uzuri. Wanka nake so. Na tuna da wani guntun tiyo da na gani a ɗakin kimiyya, na tuna darasin da aka nuna mana yadda ruwa ke hawa ya sauka da kansa. Da hutun rana na ce da shugabar ɗaki zan zaga. Na murɗe murfin, na zura tiyo, na zuƙa da baki, ruwa ya taho. Sanyi gare shi, duron yana inuwa. Na cika bokiti, na shige banɗakin ɗakin magani na yi wanka har da sabulu. Tun da nake ban taɓa jin daɗin wanka irin na ran nan ba, kuma ba zan yi ƙarya in ce na ji wani abu ya dame ni ba.

Da a nan na tsaya da sauƙi. Washegari na koma, ina azumi. In za ki tayar da tiyo dole ki zuƙa, ruwa ya cika miki baki, sannan ki tofar. Ranar farko na tofar. Rana ta biyu wani ya wuce, na ce ba da gangan ba ne. Daga nan na daina yi wa kaina bayani. Sau tara na je. In na dawo sai in hau gadona a hankali, jikina da sanyi, in ɓoye tiyon a ƙarƙashin katifa. Dije tana kwance a ƙasa, idonta a rufe, wuyanta duk ƙuraje.

Ranar goma sha takwas zazzaɓi ya kama wata 'yar aji ɗaya, jikinta kamar garwashi, har tana sambatu. Metiron ta kwance mabuɗi ta buɗe famfo don ta jiƙa tsumma. Ya ɗiga sau uku ya tsaya. Sai da aka ɗauki yarinyar a motar makaranta zuwa asibitin gari. Ta rayu, alhamdu lillahi, amma an sha wuya.

Da la'asar aka buga ƙararrawar da ba lokacinta ba. Firinsifal ɗinmu, Madam muke ce mata, mace ce doguwa mai gilashi, da Turanci take magana, in ta fusata ta juye Hausa. Ran nan da Hausa ta fara.

"Akwai ɓarauniya a cikinku. Wadda ta saci ruwan marasa lafiya, a watan azumi. In ta fito da kanta, bulala ce da aikin horo. In ni na nemo ta, ta haɗa kayanta."

Kun ji fa. Bulala da aikin horo. Ƙofa a buɗe take, taku biyar ne tsakanina da gaban layi. Na tsaya ina lissafin yadda za a kalle ni, ni Saude mai guga da ƙwalisa, ni da nake jan baƙi a musabaƙa. Na ce a raina ba wanda ya gan ni, abin zai wuce. Na ja bakina na tsuke.

Madam ta jira, ba wadda ta motsa. Ta aika aka kira maigadi. Ya ce shi dai yana ganin wata da ruwa a bayan ɗakin magani da tsakar rana, amma rana ta yi yawa, bai shaida fuska ba. Sai Madam ta ce 'yan aji biyar su biyo ta. Muka bi ta har lambu. Ba ta ko yi tambaya ba, ta nufi koren nan kai tsaye, ta duba turke.

"Goma sha bakwai."

Dije ta fito, ta rusuna.

"Da me kike ban ruwa?"

"Da ruwan alwala, Madam. Ina tarawa a daro."

Gaskiya mata sun yi magana. Shugabar ɗalibai ta ce haka ne, kowa ya sani, wasu suka amsa daga baya. Madam ta ce a kawo daron. Ta juya shi a hannu, ta tambaya sau nawa yake cika a yini. Dije ta ce ba ya cika, in an haɗa duka bai fi bokiti ɗaya ba.

"Bokiti ɗaya, a wannan ranar, ya yi wannan?" Ta juya wajen malamin noma. "Malam Isiyaku, zai yiwu?"

Malam Isiyaku ya san tulun, ya san ɓawon gyaɗar, shi da bakinsa ya taɓa ce mana mu je mu koyi noma wurin Dije. Amma mutum ne mai iyali a gidan makaranta, kuma Madam ta riga ta yanke. Ya sosa ƙeya ya ce, "To, ranki ya daɗe, da wuya dai."

"Ta ina kike bi in za ki zo nan?"

"Ta bayan ɗakin magani."

"Da tsakar rana?"

"Na azahar, e."

Madam ta ajiye daron a ƙasa. "Daron nan rufa-ido ne. Rana dubu ta ɓarawo."

Dije ta ce, "Wallahi Madam, da azumi a bakina, ban taɓa duron nan ba." Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta ɗago kai ta dubi inda muke tsaye, idonta ya zo kaina ya ɗan tsaya. Ni kuwa na sunkuya ina gyara igiyar takalmin da ba ta kwance ba. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ni dai na ga inda ba haka aka yi ba.

Washegari da hantsi aka ba ta takardar kora. Saura sati biyar jarrabawa. Ana aji, na ce cikina yana ciwo, na koma ɗaki. Na same ta ita kaɗai tana ɗaure akwatin ƙarfenta da igiya. Na tsaya a bakin gado, na ce bari in taya ki, ta ce ta gama.

Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Saude, abin da ke ƙarƙashin katifarki, ki jefar da shi. Na ji Metiron tana cewa za a yi binciken ɗakuna."

Na zauna a kan gadonta. Ashe daga ƙasa tana ganin bakin tiyon ta tsakanin wayoyin gado. Ashe tana jin ƙanshin sabulu duk ranar da na hau.

Na ce, "Me ya sa ba ki faɗa ba?"

"Ban gan ki a bakin duro da idona ba. Ba zan rantse a kan abin da ban gani ba." Ta ja igiyar ta ƙulle. "Kuma na ɗauka za ki fito. Har aka ba ni takardar nan ina cewa yanzu Saude za ta shigo."

Ko a lokacin ofishin Madam yana nan, motar haya ba ta zo ba. Na san haka, ita ma ta sani, ta ma ɗan tsaya tana gyara ɗankwali, tana ba ni lokaci. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Dije, babana zai kashe ni." Babana da ko tsawa bai cika yi ba.

Ta gyaɗa kai. Ta jawo daron daga ƙarƙashin gado ta ajiye a gabana. "To ki riƙa tara wa fangalin. Cikin tulun za ki zuba, ba a kan ganye ba. Kada ya mutu a banza." Ta ɗora akwati a ka ta fita. Ban raka ta bakin ƙofa ba, kunya ta hana ni, kuma ina tsoron a gan mu tare a yi wani tunani.

Na jefa tiyon a masai. Na ɗauki daro na kai bakin masallaci. Mata suka yi ta yaba mini, wai Saude akwai amana, dubi yadda take raya fangalin ƙawarta. Sau biyar a yini ina ɗaukar ruwan nan a ka, yana zubo mini a wuya, ina bi ta gaban duron. Kwana tara ina yi. Kuɓewar ta fara fure, alayyafon ya kai gwiwa.

Ranar ashirin da takwas ga azumi jami'in ma'aikata zai zo. Da sassafe Malam Isiyaku ya kira ni lambu. Na tarar ya tuge turken Dije ya jingine a jikin waya, yana riƙe da nawa.

"Nata ba mai shi, naki ba rai," ya ce. "Ke kika riƙe shi kwana tara. Kuma bai kamata baƙo ya zo ya tarar ba abin nunawa a makaranta ba."

Na ce, "Malam, ai ba nawa ba ne."

"Na sani." Bai kalle ni ba. Ya kafa ashirin da uku a ramin goma sha bakwai, ya taka ƙasar da ƙafa.

Jami'in dattijo ne mai malafa, da babban littafi a hammata. Ya bi layi yana girgiza kai, kowace tana tsaye a gaban busasshiyar ƙasarta. Wasu ya tausaya ya ba su na tsallakewa, wasu sai da suka maimaita a shekara ta gaba. Da ya iso wurina ya tsaya, ya cire malafa. Madam tana gefensa. Ya tsuguna ya ɗaga sakainar, ya leƙa tulun, ya tona ɓawon gyaɗa da yatsa ya ji damshi.

"'Yata, da me kika yi ban ruwa a wannan fari?"

Na ce, "Da ruwan alwala, ranka ya daɗe. Ina tarawa a daro."

"Kamar nawa a yini?"

"Bai fi bokiti ɗaya ba."

"Ya isa," in ji shi. "In an binne tulu aka rufe ƙasa haka, ya isa har ya yi yawa. Wa ya koya miki?"

Na ce a gida na gani.

Ya juya wajen Madam ya ce a duk makarantun da ya zaga bai ga ɗaliba mai basira irin wannan ba. Na saci kallonta. Ta ji abin da ya ce game da bokiti ɗaya, na ga ta ji, don sai da ta cire gilashi ta goge. Sannan ta mayar, ta yi murmushi, ta ce ai 'yan matanta akwai ƙoƙari. Ba ta aika an kira Dije ba, har ta bar makarantar.

Ruwan farko ya sauka kwana uku bayan salla, mai ƙarfi, har ya yaye kwanon ɗakin karatu. Mata suka fita cikinsa da kayansu suna guɗa, aka cire murfin duron aka tara masa ruwan indararo, ya cika ya tumbatsa ta ɗan ramin. Ni ina zaune a gadon ƙasa, don na sauko na koma nan.

Na fita da sakamako mafi kyau a noma, aka kira sunana ranar yaye ɗalibai. Makin nan shi ya ɗaga ni na samu gurbi a babbar kwaleji, a can na haɗu da mahaifin Nabila, aikinsa na rediyo ya kawo mu nan. Duk wanda ya tambaye ni sai in ce ai ƙoƙari ne da addu'ar iyaye. Na san sunan garin su Dije, na san motar da ake shiga. Sau nawa na je gida hutu? Kullum sai in ce wannan karon lokaci ya ƙure.

Bara, wajen wannan lokaci, ina cikin jirgin ƙasa zan shiga Washington, saƙo ya shigo guruf ɗinmu na tsofaffin ɗalibai. Wata da aka tura aiki yankinsu ta rubuta cewa Allah ya yi wa Dije rasuwa, ta bar 'ya'ya shida, har ƙarshen ranta tana sayar da kayan miya a kasuwar garinsu. Aka yi ta jero Allah ya ji ƙanta. Sai wata ta rubuta, "Wace Dije? Ba ita ce aka kora a kan satar ruwa ba?" Wata ta amsa, "Ita ce. Allah ya yafe mata."

Allah ya yafe mata. Na karanta sau uku. Na rubuta na goge, na rubuta na goge, har jirgin ya wuce tasha biyu. Daga ƙarshe na tura: "Ba Dije ba ce ta saci ruwan. Ni ce, Saude. Da tiyo, sau tara. Ta sani kuma ba ta tona ni ba. Fangalin da aka ba ni maki a kansa ma nata ne."

Na kifa wayar a cinya ina jiran abin da na gudar wa shekara talatin da 'yan kai. Na shirya a zage ni, na shirya a cire ni daga guruf ɗin, wallahi so nake a yi.

Da na ɗaga, mutum biyu ne suka amsa. Ɗaya ta ce, "Allah sarki, ƙuruciya." Ɗayar ta ce, "Hajiya Saude kada ki damu kanki, ai ya wuce." A ƙarƙashinsu wata ta turo hoton atamfar ankon bikin 'yarta, tana tambaya wa da wa za a yankar wa.